A Gyara ko a Sake Sabuwa? Muhawara kan Hitar Ruwan Wanka

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta sauko, masu gyaran famfo da masu gyaran wuta a Kano da Zariya da Kaduna da Jos ba sa samun sukuni. Hitar da ta shafe watanni rataye a bangon banɗaki ba wanda ya waiwaye ta, ranar da aka buƙace ta sai ta ƙi. Wata fitilarta ta kawo amma ruwan ya fito da sanyinsa. Wata tana ɗiga ta ƙasa. Wata kuma da an taɓa kan famfo sai a ji yana jan hannu. Gidan da ke da tsoho mai alwalar asuba, ko maijego, ko yara masu wankan ƙarfe shida kafin makaranta, ba zai ce a bari sai bazara ba. Nan take maigida zai samu masu ba shi shawara kashi biyu: masu cewa a kira mai gyara, da masu cewa a sauke ta a huta. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara, kuma a cikin hujjojin akwai waɗanda suka shafi rai, ba aljihu kaɗai ba.

Kafin a ji ta bakinsu, ya kamata a san abin da ake gardama a kansa. Hitar da ta fi yawa a gidajenmu ita ce mai tanki, mai cin lita 15 ko 30 ko 50 ko 80, irin su Ariston ta ƙasar Italiya da makamantanta. Ba ta da kayan ciki da yawa. Akwai tankin ƙarfe da aka shafe cikinsa da wani rufi mai sheƙi don kada ruwa ya taɓa ƙarfen kai tsaye, an kuma naɗe shi da soso mai riƙe zafi. Akwai elemen, wato ƙarfen da wuta ke bi ya yi zafi, yawanci mai jan wat 1,200 zuwa 2,000. Akwai tamostat, wanda ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. Akwai wata sanda ta maganiziyam da aka ɗaura kusa da elemen, wadda yawancin masu gida ba su taɓa jin labarinta ba. Sai ɗan ƙaramin bawul na kariya a bakin bututun ruwan sanyi. Duk waɗannan ana kwance su a sa wasu, ban da tankin.

A kan wannan masu goyon bayan gyara suka kafa hujjarsu ta farko, kuma hujja ce mai ƙarfi. Mafi yawan abin da ke kashe hita a ƙasar nan ba tsufa ba ne, yanayin wuta da ruwanmu ne. Ruwa ya ƙare a tankin sama, wani ya buɗe famfo hitar ta zube ko ta yi ƙasa, an bar makunninta a kunne tun daren jiya da aka ɗauke wuta. Tsakar dare sai a dawo da ita. Elemen da aka ƙera don ya zauna a cikin ruwa, idan ya yi zafi a busasshen tanki, ƙonewa yake cikin ɗan lokaci kaɗan. Hitar wata shida da ta shekara shida duk haka za ta same su. Wanda ya sauke hita gaba ɗaya saboda wannan, in ji su, ya yar da lafiyayyen tanki ne a kan ƙarfe ɗaya da ake samu a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, a kan ɗan ƙaramin kaso na kuɗin sabuwa. Kuma sabuwar da ya rataya, muddin ɗabi'ar gidan ba ta sauya ba, ita ma ranarta na tafe.

Hujja ta biyu ta kuɗi ce. Hitoci masu suna daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutumin da ya sayi hitarsa mai kyau shekara biyar ko shida da suka wuce, kuɗin da ya biya a lokacin ba zai saya masa irinta ba yau. Abin da ke faruwa shi ne ya je kasuwa da niyyar sabuwa, kuɗinsa ya gaza, ya dawo da wadda ba ta kama ƙafar tsohuwar ba: ƙarfenta sirit, sosonta kaɗan, wani lokaci ma sunan da ke jikinta jabu ne. Masu gyara na cewa tsohuwa mai asali da aka sa wa sabon elemen ta fi sabuwar da ba a san uwarta ba, kuma ban ga abin musu a nan ba.

Akwai wata magana da masu sayarwa ke yawan yi, cewa sabuwar hita ba ta shan wuta kamar tsohuwa. Masu goyon bayan gyara suna da amsa mai kyau a kan wannan. Elemen, sabo ne ko tsoho, kusan duk wutar da ya ja zafi take zama, zafin kuma a cikin ruwa yake ƙarewa. Ɗaga lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 2.3 ko kusa da haka, aikin kimanin sa'a ɗaya da rabi ga elemen mai wat 1,500, kuma wannan lissafi ba ruwansa da shekarun hita. Ga wanda ke rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, wanda hukumar NERC ta ɗaga wa farashi zuwa naira 225 a kan yunit a watan Afrilun 2024, daga baya a cikin shekarar aka daidaita shi a 209.5, dumamawa ɗaya a wancan farashi ta kusan naira 500 ke nan. Inda sabuwa za ta iya fin tsohuwa shi ne riƙe zafi, domin tanki mai lita 50 da aka bari a kunne dare da rana yana zubar da kusan yunit guda a kowane kwana ta jikinsa kawai. Wannan asara kuwa makunni ne maganinta: a kunna sa'a biyu kafin wanka, a kashe bayan an gama. Ba sai an sayi sabuwa ba.

To, ɗaya ɓangaren fa?

Su ba su musanta cewa elemen da tamostat suna da araha ba. Abin da suke cewa shi ne, mai gida yana kallon abin da ya lalace a fili, ya manta da wanda ke lalacewa a ɓoye. Tankin ƙarfe ne, ruwan zafi kuma yana zaune a cikinsa shekara da shekaru. Rufin nan mai sheƙi ba ya rasa 'yan tsage-tsage, kuma ta nan tsatsa ke shiga. Aikin sandar maganiziyam shi ne ta jawo cin a kanta, ruwa ya riƙa cinye ta a maimakon ƙarfen tanki. Tana narkewa a hankali har ta ƙare. Kamfanoni na son a duba ta duk shekara ɗaya ko biyu a sauya, amma gida nawa ke yi? Da ta ƙare, ruwa ya koma kan tanki. Shi ya sa aka saba ƙiyasta rayuwar irin wannan hita a shekara 8 zuwa 12. Wanda ya sa wa hitar shekara goma sabon elemen yau, ya sa mata tamostat bayan wata uku, ya sake kiran mai gyara a kan robar bakin elemen, sannan tankin ya huje kafin wani hunturun, ya biya kuɗin gyara ya kuma biya kuɗin sabuwa, ga silin da fentin bango da ruwa ya ɓata.

Na tsaya a kan wani mai gyara yana buɗe irin wannan hita a gidan wani ɗan'uwa da ke shan ruwan rijiyar burtsatse. Da ya kwance ƙusoshin ƙasa ya zaro elemen, sai farin ɓawo ya biyo shi yana zuba a bokiti, gutsi-gutsi, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, amma wannan ya cika tafin hannu sau da yawa. Elemen ɗin kansa ya yi kauri da ɓawon har lanƙwasarsa ta haɗe. Sandar maganiziyam kuwa babu ita, sai wata siririyar waya baƙa da ta rage a inda take. Ya haska tocila cikin tankin, ya kira maigidan: "Alhaji, zo ka gani da idonka." A gefen ɗinkin walda akwai jajayen ƙuraje na tsatsa, ya sa farce ya ɓanɓaro ɗaya. Ya ce, "In ka ce in mayar, zan mayar, za ta yi zafi yau. Amma ba zan ce maka za ta kai baɗi ba." Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, sauke ta." Wannan mai gyara ya bar kuɗin aiki ya faɗi gaskiya, kuma irinsa ne ake nema.

Hujjar masu cewa a sake sabuwa da ta fi nauyi a wurina ba ta tanki ba ce ma. Ta ingancin gyaran ce. Gyara a takarda daban, gyaran da ake yi a banɗakunanmu daban. Tamostat ya mutu, babu irinsa a kusa ko maigida yana ƙorafin kuɗi, sai mai gyara ya haɗa wayar kai tsaye da elemen ya ce, "Ku dai riƙa kashewa in ya yi zafi." Bawul ɗin kariya yana ɗiga, uwargida ta gaji da goge tayil, sai a samo murfi a toshe bakinsa. Kowanne daga cikin biyun nan kuskure ne babba, idan kuma suka haɗu a hita ɗaya, an rataye halaka a bango.

Ga dalili. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Lita 50 da aka ɗaga daga digiri 20 zuwa 60 tana ƙaruwa da abin da ya kusa kashi uku cikin huɗu na lita, kuma wannan ƙari dole ya samu mafita. Ɗigar da bawul ke yi lokacin da hita ke dumama ruwa aikinsa ke nan, ba lalacewa ba ce. Abin da ya dace shi ne a sa masa ɗan tiyo ya kai ruwan magudana. Idan aka toshe shi, tamostat kuma ba ya yanke wuta, ruwan zai wuce digiri 100 bai tafasa ba saboda matsin da yake ciki. Da tankin ya tsage, wani sashe na ruwan zai rikiɗe tururi nan take, tururi kuwa yana neman wurin da ya ninka na ruwa sau 1,600 ko fiye. A ranar 19 ga Janairun 1982 hitar ɗakin girkin wata makarantar firamare mai suna Star, a garin Spencer na jihar Oklahoma a Amurka, ta fashe lokacin da yara ke cin abincin rana. Ɗalibai shida da malama ɗaya suka rasu. Waccan da gas take aiki, amma abin da bincike ya gano darasi ne ga kowace hita: na'urar da ke yanke zafi ta gaza, bawul ɗin kariya kuma an riga an cire masa sashen da ke jin zafi. Masu cewa a sayi sabuwa suna tambaya: tsohuwar hitar da hannu biyar ya taɓa, wa ya san abin da aka cire mata?

Haka batun jan hannu. Elemen da fatarsa ta tsage yana iya ci gaba da dumama ruwa alhali yana zuba wuta a cikinsa. Mutum tsirara, jiƙe, ƙafa a kan jiƙaƙƙen tayil, ba shi da wata kariya daga wutar bolt 230. Gidaje da yawa an haɗa hitarsu babu wayar ƙasa, ko akwai ta amma ba ta kai ko'ina ba. Duk hitar da aka taɓa jin famfonta yana ja, a kashe ta daga bireka, kada kowa ya sake wanka da ita sai an gano dalili. A nan babu ɓangare biyu.

Sai dai in aka lura, wannan hujja mai nauyi ba ta rushe gyara ba, mugun gyara ta rushe. Kuma tana cizon masu ita. Hannun da ya toshe bawul a tsohuwa shi ne zai haɗa sabuwa. An sha ganin sabuwar hita fil an rataye ta, bawul ɗinta yana cikin kwali ba a ɗaura ba, ko an ja mata wuta da siririyar wayar fitila daga soket ɗin ɗaki, ko an kafa ta da gajerun ƙusoshi a bulo mai rami, alhali mai lita 50 in ta cika nauyinta ya haura kilo 60, kuma a saman kan mai wanka take. Sabon kaya ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi waya mai kaurin da ya dace, makunni nata na kanta a wajen banɗaki, wayar ƙasa da aka gwada aka tabbatar tana aiki, da bireka mai jin yoyon wuta, irin mai yankewa a miliamfiya 30. Wanda kuɗinsa bai isa ya yi duka biyun ba, ni dai zan ce ya gyara tsohuwa ya sa bireka, ya fi masa sabuwa ba bireka.

Don haka na fi karkata ga gyara, amma da iyaka, kuma iyakar ita ce tanki. Idan ruwa na fita ta robar bakin elemen ko ta mahaɗar bututu, wannan gyara ne na sa'a guda. Idan kuwa daga jikin tankin yake tsattsafowa, yana biyo soso yana fita ta ƙasan murfi da launin tsatsa, magana ta ƙare. Za a samu mai walda da zai ce zai like, kuma zai like ɗin. Amma wutar walda tana ƙone rufin da ke kewaye da wurin, ta bar ƙarfe tsirara a cikin ruwan zafi, kuma tankin da ya huje a wuri ɗaya ya riga ya yi laushi a wasu wuraren. Tanki ne da ke ɗaukar matsi, ba bokiti ba. Ban yarda da waldar tankin hita ba ko da kyauta za a yi.

Akwai abin da ɓangarorin biyu ke tsallakewa, wato cewa yawancin wannan gardama ba za ta taso da wuri ba da ana duba hita tun tana lafiya. Sau ɗaya a shekara, a watan Oktoba kafin masu gyara su yi tsada, a kashe wuta, a rufe ruwa, a zubar da na ciki, a zaro elemen a kankare ɓawon, a dubi sandar maganiziyam, in ta cinye fiye da rabi a sauya. Masu ruwan burtsatse mai nauyi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa sosai, su suka fi buƙatar wannan, domin ɓawon yana rufe elemen ya hana zafinsa fita da sauri, har ya ƙone kansa. Ɗan hannun da ke jikin bawul kuma a riƙa ɗaga shi lokaci-lokaci a ga ruwa ya fito, don kada ɓawo ya manne shi. Bayan kowane gyara, ko bayan yankewar ruwa, a buɗe famfon zafi har ruwa ya zubo sosai babu tari da iska kafin a kunna. A gidajen haya ne abin ya fi lalacewa: ɗan haya yana ganin hitar ba tasa ba ce, mai gida kuma ba ya wanka da ita, sai ta zauna ba mai ita har ta mutu. Kamata ya yi a faɗi wanda duban ke kansa tun ranar karɓar makulli.

Wani ƙaramin saɓani kuma shi ne na inda za a saita zafi. Masu son rage kuɗin wuta da tsawaita ran elemen sun fi son a sassauta, kuma gaskiya ne ɓawo ya fi taruwa in zafi ya yi yawa, ga shi ruwan digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, ta yaro da ta tsoho ma ta fi saurin ƙonewa. Amma ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke kwance a tanki, tsakanin digiri 20 da 45, shi ne wurin hayayyafar ƙwayar Legionella mai haddasa ciwon huhu, wadda aka gano bayan ɓarkewarta a birnin Filadelfiya a 1976, kuma ta feshin shawa ake shaƙarta. A digiri 60 mutuwa take. Saboda haka hukumomin lafiya a Ingila suke cewa a ajiye ruwan tanki a 60. Ina tare da su, musamman ga hitar da ta yi watanni a kashe da ruwa a cikinta: a zubar da tsohon ruwan, a dumama sabo har ya kai, sannan a fara amfani. Kariyar yara kuwa a famfo take, a fara buɗe na sanyi, a sirka, babba ya gwada da hannunsa.

Shari'ar da ta fi wuya ita ce ta tsakiya: hita ta shekara takwas ko tara, ba ta yoyo, amma elemen ya ƙone karo na biyu. Masu lissafi kan ce idan kuɗin gyara ya kai rabin na sabuwa a saki tsohuwa, kuma ma'auni ne mai amfani, sai dai elemen kaɗai ba ya kai wa nan, don haka ba ya raba wannan gardama. Tunda dole a zaro elemen ko ta yaya, ƙofar tanki a buɗe take. Maigida ya tsaya a wurin, ya karɓi tocila ya leƙa da kansa. Idan cikin yana nan da sheƙinsa, a sa sabon elemen da sabuwar sanda da sabuwar roba, a sauya bawul ma tunda ba shi da tsada, a kuma ce wa mai gyara ya miƙo tsofaffin kayan da ya cire. Idan an ga rufin yana ɓarewa, ko tsatsa ta yi ƙuraje a kan ɗinkin, kada a sayi ko ƙusa ɗaya, a tara kuɗin a kan sabuwa, gida ya koma tukunya da risho ko gas na 'yan makonni kafin kuɗin su cika.